Tambarinsu a Kan Idon Inna

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a Arewa, ƙasarmu ta Arawa, ya san abin da wannan ke nufi. Uwata ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana son in ɗebo ruwa, sai ta dubi bango ta ce, "Wancan yaron, randa ta bushe." In na shigo tana tsakar gida, sai ta sami abin dubawa a cikin ƙwarya. Da ƙyanda ta kama ni, ƙanwarta ce ta goya ni, wadda muke kira Inna ƙarama. Ita kuwa Inna tana bakin murhu tana tambaya daga nesa ko mai zazzaɓin ya sha ruwa. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka suka gada daga nasu iyayen. Ban taɓa riƙe ta da wannan ba. Waɗanda na riƙe daban ne, kuma har yau ban yafe musu ba.

Inna ta rasu ba ta bar hoto ba. Ɗan ƙaramin da ke jikin katinta na ɗan ƙasa, gara ta cinye shi tare da sauran takardun da ke cikin adaka. Abin da ta bar mini shi ne haɗin garin kunu: gero, wake da gyaɗa, a soya kowanne daban, kada a bar waken ya yi duhu, sannan a niƙa tare. Da shi ta yaye mu duka. Da na gaji da yawon neman aikin gwamnati, sai na buɗe ɗan shago a Dogon Dutsi, bakin kwalta, kusa da inda motocin haya ke tsayawa. Matata na suya, ni ina niƙa ina ƙullawa a leda. Matafiya suka fara saye, matan gari suka fara aikowa, har wani mai babban kanti a Yamai ya ce zai riƙa ɗauka. Sharaɗinsa ɗaya ne: sai na yi wa kayan etiket mai kyau, wato takardar da ake mannawa a jikin leda, don a cewarsa mutanen birni ba sa sayen abin da ba shi da fuska.

Sai na tafi wurin mai buga takardu na bayan tasha. Shi ke buga katin aure da allon shaguna da takardun ƴan lakwal, wato ƴan makaranta, rabin garin aikinsa ne. Ya ce, "Me za mu sa a kai?" Na ce mace da gero. Ya rubuta wani abu a na'urarsa, sai ga hotuna sun zubo jere-jere. Matan da ban sani ba, wasu da gani ka san ba ƴan ƙasar nan ba ne, wata ma ta riƙe taɓarya kamar sandar kiwo. Yana gangarawa ƙasa, yana gangarawa, sai na cafke hannunsa.

"Koma sama."

Ya koma. Mace ce zaune gindin turmi, ƙwaryar gero a cinya, kallabi shuɗi mai ɗigo-ɗigo. Tsagen Arawa biyu-biyu daga gefen baki har kunne, na hagu ya ɗan karkace, don an ce ta motsa a hannun wanzami. Bayanta rumbunmu ne, da ɓarakar da Baba ya yi ta cewa zai yaɓe bai yaɓe ba. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mai buga takardu ya zaci mugun labari ne ya shigo mini ta waya. Na ce masa, "Uwata ce."

Kuma tana kallona. Abin da ya zaunar da ni a kan benci ke nan. Matar da na girma ina ganin gefen fuskarta, ga ta nan ta ɗago kai sosai ta zuba mini ido, da ɗan murmushi a gefen baki. Sai dai an gilma wani farin rubutu a kan fuskar, tambarin kamfanin da ke sayar da hotunan, ya bi ta kan idanun biyu.

Na tuna ranar da aka ɗauke shi. Shekarar da damina ta yi gardama ce, rumbuna suka yi wayam, Anasaru suka yi ta shiga ƙauyuka da manyan motoci. Ƙauyenmu yana gefen Kiéché. Ni ina kwaleji a Dogon Dutsi, na zo hutu da farar rigata ta lakwal. Da yake ni ke jin Faransanci, maigari ya ce in bi wani baƙo mai ɗaukar hoto in yi masa tafinta. Muka shigo gidanmu. Inna ta dama masa fura, a shekarar da mu kanmu ake auna mana ita da ludayi. Ya sha ya lashe baki ya ce mersi. Sannan ya ce ta zauna gindin turmi. Na tsaya bayansa, in ya yi magana in fassara, ita kuma ta ba Inna ƙarama amsa kamar ba ni na yi maganar ba. Duk sanda zai danna sai ta motsa, ko ta gyara kallabi, ko ta juya ƙwarya. Har ya fara tsaki, ya ce in gaya mata ta zauna wuri ɗaya kuma ta daina murmushi. Da ya gama ya shige motarsa, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

Mai buga takardu ya ce, "Wannan tambarin ba komai ba ne, yanzu zan goge shi. Kullum muna yi." Na ce goge! Ina ruwana da tambarin wani a fuskar uwata? Ya yi ta shafawa da na'urarsa har rubutun ya fita, amma idanun suka yi hazo-hazo kamar na mai yana. A jikin ƙaramin etiket ba a ganewa sosai. Na sa ya buga mini babba guda ɗaya, na kafa a saman ƙofar shago.

Wallahi na ji daɗin kwanakin nan. Mutumin ƙauyenmu zai zo wucewa a bayan kabu-kabu, ya buga kafaɗar mai babur ya tsaya, ya ɗaga kai ya ce, "Kai! Wannan ba wance ba ce?" Sai ya yi mata addu'a, wani ma ya sayi leda biyu. Ƙanena ne kaɗai ya ɓata rai. Shi ɗan kasuwa ne mai ɗagaggen wando da tsayayyen gemu, ya zo ya ce hoto ba kyau, in sauke. Na ce masa, "Kai ta kira sunanka safe da yamma, ta goya ka, ta dube ka ta ƙoshi. Ka bar ni da nawa." Bai ƙara tayar da maganar ba.

Ana haka mai kantin Yamai ya ɗauki kayan ya sa a shafinsa na intanet. Ashe kamfanin nan yana da na'ura mai yawo cikin intanet tana farautar hotunansa. Saƙo ya fara zuwar masa, sannan ya zo mini, don lambar wayata tana jikin etiket. Faransanci ne irin na lauyoyi, mai sanyi da ladabi. Wai hoton mallakarsu ne. Wai na yi amfani da shi ba lisans, wato ban sayi izini ba. Wai goge tambarinsu laifi ne na biyu. In cire shi ko'ina na sa, kuma in biya tara. A taƙaice dai ni ɓarawo ne.

Ƙarfin hali, ɓarawo da sallama! Ni ne na saci uwata? Na karanta saƙon a tsaye, na sake karantawa a zaune, matata na tambaya lafiya, na kife wayar a kan benci. Kafin in huce mai kanti ya kira. Ya ce shi ba ya son shari'a da Turawa, zai maido mini kayana a motar gobe, in na canza fuska in aiko. "In ka canza fuska," haka ya faɗa, kamar ana maganar fentin ƙofa.

Na je na sauke haushin kaza a kan dami, wato mai buga takardu. Na yi masa tatas a gaban mutane. Ya bar ni na gama, ya ce, "Malam, kai ka ce goge." Gaskiyarsa ce, kuma gaskiyar ta ƙara ba ni haushi. Sai na ce ya buɗe mini hoton a shafin kamfanin in ga me suka rubuta a ƙarƙashi. Ya buɗe. Ba suna, ba gari. An jera kalmomi dai don mai nema ya samu da sauƙi: yunwa, talauci, fari, Afirka, mace. Yunwa! Matar da ta shayar da shi fura ya lashe baki. Ya kuma nemo mini wuraren da hoton ya shiga: bangon wani rahoto, kalandar masu neman taimako, tallar wani taro a ƙasar da ban san ma inda take ba. Duk waɗannan sun biya, kuma ko dala ba ta taɓa zuwa gidanmu ba. Inna ta yi jinyarta ta ƙarshe muna sayar da akuyoyi, ashe a lokacin fuskarta na can tana yi wa wasu kasuwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tir da wannan sana'a.

Akwai lambar waya a ƙasan saƙon. Na cika wayata da kuɗi na kira. Wata madam ce ta ɗauka, murya kamar ta mai sanar da tashin jirgi. Ta nemi lambar dosiye, wato lambar fayil ɗina da ke jikin saƙon, na ba ta.

Na ce, "Matar da ke cikin hoton nan uwata ce."

Ta ce ta fahimta, amma haƙƙin hoto na wanda ya ɗauka ne, shi kuma ya danƙa wa kamfaninsu.

Na ce, "To fuskar fa? Shi ya haife ta? Shi ya yi mata tsagen? Rumbun da ke bayanta shi ya gina?"

Ta ce doka ta bambanta hoto da abin da ke cikin hoto. In wadda aka ɗauka tana da ƙorafi, tana iya rubuto musu da kanta.

"Ta rasu."

Ta yi mini ta'aziyya da Faransanci mai kyau, irin wadda ake karantowa daga takarda. Ba ta ko haɗiye miyau ba ta koma kan dosiye. Wai tunda lamarina na musamman ne, in na cire hoton daga kaya da shago za ta nemi a yafe tarar. In kuma ina son hoton mai tsabta, marar tambari, don in ajiye a gida, za su sayar mini da rangwame.

Rangwame! A yi mini rangwame a kan uwata! Na manta Faransancin da na koya a lakwal, na koma Hausar Arewa, na gaya mata abin da ba zan rubuta a nan ba. Masu jiran mota suka taru bakin shago suna kallona. Na rantse da Allah a gabansu ko dala ba zan ba su ba. Na ce in sun isa su zo Dogon Dutsi su kama ni, hanya kwalta ce miƙaƙƙiya, ba za su ɓata ba. Can na ji ɗif, ta kashe ko kuɗina ne suka ƙare, ban sani ba.

Baki ya faɗi nasa, amma shago shi ke ciyar da gidana. Kayan Yamai suka dawo cikin buhu. Ni da matata muka zauna a tabarma muna ɓare etiket ɗaya bayan ɗaya. Gam ɗin mai ƙarfi ne, ba ya fita lafiya, sai fuskar ta yage a tsaka. Matata ta ce in bar mata. Na ƙi. Na ce in dai za a yaga fuskar Inna, ni zan yaga, ba zan sa wani ba. Aka buga sabon etiket mai zangarniyar gero, wadda mai buga takardu ya ɗauka da wayarsa a gonar ƙanensa, na tsaya a kansa har ya danna. Babban hoton kuma na hau benci na sauke, na naɗe shi na jingine bayan buhuna.

Bayan girbi aka yi suna a ƙauyenmu. Na ɗaura hoton a bayan babur na tafi da shi, don Inna ƙarama ba ta taɓa ganinsa ba, ƙafa ta hana ta zuwa birni. Da taro ya watse na same ta zaune a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta, na warware mata shi a kan tabarma. Ta goge hannu a zane, ta kai fuska kusa. Ta bi tsagen da yatsa, daga baki har kunne.

Ta ce, "Yaya ce. Amma mi ya sami idonta?"

Na ba ta labari tun daga fari, da tambarin, da gogewar, da madam, da rangwamen. Ina faɗa ina ƙara harzuƙa. Na ce Anasara ya sha furarmu ya sace kallonta ya kai kasuwa, ita kuwa baiwar Allah tana can tana kallonsa tana yi masa murmushi.

Inna ƙarama ta ɗago kai. "Wa ya ce maka Anasara take kallo? Mi ta haɗa da Anasara?"

Na ce to wa?

"Kai mana. Ba kai ne tsaye bayanai ba? Da farko cewa ta yi ba ta so, ta shige ɗaki. Sai ta hango ka ta ƙofa, cikin farar riga, kana zuba Faransanci, sannan ta hito. In ta dube ka a tsakar gida, mutane su ce wagga ba ta da kunya. Amma ran nan kowa ya ɗauka na'urar hoton take kallo. Shi ya sa take ta motsi, don kada shi gama da wuri."

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta, ba ta dube ni ba.

"Da kunka tahi sai ta ce mani: ashe yaron nan hancin babanmu gare shi."

Na dubi hoton da ke kan tabarma. Ga tsage, ga murmushi, ga kallabi, ga ɓarakar rumbu, komai tangaran. Idanun ne kawai babu. Tambarinsu ya rufe su, mu kuma mun goge tambarin tare da abin da ke ƙarƙashi. Sau ɗaya a duniya uwata ta dube ni ta ƙoshi, kuma wannan kallon yana kulle a rumbun wasu mutane da ba su san sunanta ba.

Washegari na koma Dogon Dutsi, ban tsaya shago ba, na wuce bayan tasha. Na ce wa mai buga takardu ya rubuta musu na yarda, zan saya. Ya dube ni, don yana cikin waɗanda labarin rantsuwata ya kai wa. Na ce in ya ce uffan zan fasa masa na'ura. Wani abokinsa a Yamai mai katin banki ya biya, ni na aika masa kuɗin. Da ƙanena ya ji, bai yi mini gori ba. Ya dai tuna mini da kaffarar rantsuwa, kuma na yi, na ciyar da miskinai goma da kunun Inna.

Hoton ya zo tare da sharaɗi: na gida ne kawai, ba a sa shi a kaya, ba a kafa shi a wurin kasuwanci. Har da godiya wai na zama abokin cinikinsu. Allah ya isa. Na faɗa a ranar, ina sake faɗa yau, Allah ya isa tsakanina da su, da wanda ya danna, da wanda ya rubuta yunwa a ƙarƙashin fuskarta. Har gobe hoton na nan a kasuwarsu, duk mai katin banki yana iya sayen kallon da aka yi don ni kaɗai, ya manna a bangon ofishinsa.

Mai buga takardu ya buga mini shi a takarda mai kauri, ya ƙi karɓar ladan aiki. Da ya miƙo na naɗe ban duba ba. A gida matata ta warware, ta ce, "Masha Allah, idanun sun fito tar." Muka kafa shi a ɗakina, saitin ƙofa, inda duk wanda ya shigo za ta gan shi.

Yanzu yana nan. Na biya, nawa ne, ba mai hana ni in tsaya in dube ta yini guda. Amma duk sanda na ɗaga labule na shigo, na ji idanun nan a kaina, sai in ga na sunkuyar da kai ina neman abin dubawa a ƙasa.